Labarin Kantunan Turawa A Ƙasar Katsina

Kalmar nan "kanti" asalinta ba Hausa ba ce. Daga bakin Turawan ciniki aka ɗauko ta, aka lanƙwasa ta har ta zauna daidai da harshen mutane. Yau yaro ya kan ce an aike shi kanti sayen ashana, bai ko san kalmar baƙuwa ce ba. Amma abin da a ke kira kanti a da ya sha bamban da ɗan shagon da ke bakin hanya yanzu. Kantin da, babban gini ne mai rufin kwano, da baranda a gaba, da sito a baya, da sikeli a gefe. Mai shi kuwa wani kamfani ne da ke zaune can Ingila ko Faransa, wanda ke da irin wannan gini a garuruwa masu yawa, tun daga bakin teku har iyakar ƙasar Hausa.

Tun kafin Bature ya sa ƙafa ƙasar nan, kayan Turai sun riga shi isowa. A zamanin sarakunan Haɓe, Katsina ita ce babbar mashigar ayarin hamada. Larabawan Gadamas da na Tarabulus suna zaune cikin birni da gidajensu, Buzaye suna kawo gishiri, fatake suna wucewa Gwanja neman goro. Bayan Jihadi, da sarautar birni ta koma hannun Fulani wajen 1807, Haɓe suka kafa Maraɗi, yaƙi ya ƙi ƙarewa tsakanin garuruwan nan biyu. Ɗan kasuwa kuwa ba ya son ƙarar tambarin yaƙi, saboda haka attajirai da yawa suka kwashe suka koma Kano. Sa'ad da Bajamushen nan Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya sauka Katsina cikin 1851, ya tarad da ganuwa mai faɗin gaske, amma mutanen da ke ciki kaɗan ne. A Kano ya ga farin yadi na Manchester, da allura da takubba na ƙasar Jamus, da duwatsun ado da takarda na ƙasar Italiya, duk raƙumi ya ƙetaro hamada da su.

Takardan nan ta isa a ɗan tsaya a kanta. In malami ya ɗaga ta sama ya duba ta cikin haske, sai ya ga siffar jinjirin wata guda 3 a jere cikin jikinta. Malaman da ke rubuta Alƙur'ani ba su san sunan masu yin ta ba, ba su san garinsu ba, amma sun san watannin nan, in sun gan su hankalinsu ya kwanta. Watau ke nan mutanen ƙasar nan sun iya sayen kaya bisa ga tambari tun kafin a gina kanti ko ɗaya.

Turawan mulki suka shiga Katsina cikin 1903, aka naɗa Sarki Muhammadu Dikko cikin 1906. Cikin 1911 abu biyu suka faru waɗanda suka juya fuskar ciniki ɗungum. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, Italiya kuma ta kai wa Tarabulus yaƙi. Hanyar hamada, wadda dama ta yi rauni, ta ƙarasa mutuwa. Kayan da a da ke shigowa ta arewa bisa raƙumi cikin watanni, yanzu sai ta kudu, daga Ikko, cikin 'yan kwanaki.

Bayan jirgi sai kamfanoni. Babbansu shi ne Kamfanin Neja, wanda tun 1886 ya ke riƙe da cinikin kogin Kwara da izinin Sarauniyar Ingila, har ma da mulki, kafin Gwamnati ta karɓe mulkin ran 1 ga Janairu 1900. Masu sabulun nan Lever Brothers suka saye shi cikin 1920, sa'an nan cikin 1929 aka gama shi da wani babban abokin gasarsa, aka sa wa gamayyar suna United Africa Company, watau UAC. Akwai John Holt na Liverpool, da G. B. Ollivant wanda daga baya ya shiga hannun UAC, da Paterson Zochonis wanda a ke taƙaitawa PZ, da kamfanonin Faransa guda biyu, CFAO da SCOA. Bayansu ga Kwarori, watau mutanen Sham da Labanan, waɗanda suka zo da ɗan jari kaɗan da haƙuri mai yawa.

To, abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, ba sayarwa ce ta kawo kamfanonin nan ƙasar Katsina ba, saye ne ya kawo su. Masaƙun Ingila suna neman auduga, masu yin sabulu da man girki a Turai suna neman gyaɗa, masu takalma suna neman ƙiraga da fatu. Da fari Turawa sun ɗauka auduga jirgi zai riƙa kwasowa daga Kano. Manoma suka yi nasu lissafi, suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi kuma in ba ta sayu ba a ci ta a gida, audugarsu kuwa masaƙan gari sun fi Bature saye da daraja. Saboda haka tun daga kakar 1912 gyaɗa ta cika tashar Kano har aka rasa inda za a sa ta. Ƙasar Katsina ta rabu biyu a kan wannan. Arewa, inda jigawa ta ke, ta kama gyaɗa. Kudu, wajen Funtuwa da Malumfashi, inda ƙasa ta fi nauyi, ta kama auduga, har aka kafa injin gurzar ta a can. Kanti kuwa shi ne hannu na biyu na wannan ciniki. Kamfani ya ba manomi kuɗi ta ƙofar sikeli, ya karɓe abin da ya samu ya karɓa ta ƙofar kanta.

Jirgin ƙasa bai zo birnin Katsina ba. Reshen da aka ja daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya Ƙauran Namoda cikin 1929. Funtuwa ta bunƙasa ta dalilin haka, ta zama garin sito da injin auduga da leburori. Birni kuwa, da shi da Kano akwai mil 100 da 'yan kai, sai jaki da raƙumi, daga baya kuma mota. Don haka kantunan Katsina rassa ne, uwayensu suna Kano, daga can a ke aiko kaya, daga can a ke yanko farashi. Wannan nisa kuwa talaka ne ya biya shi, har sau biyu. In ya kai gyaɗa a cire masa kuɗin kai ta Kano, in ya zo sayen gishiri a ɗora masa kuɗin kawo shi daga Kano.

Da kaka ta yi sai gindin kanti ya zama kasuwa. Jakuna su yi ta shigowa tun da asuba da buhuna, akawu yana zaune wajen sikeli da littafinsa, leburori suna ɗinki suna jibgewa. Manaja bai san manoma ba, ba ya jin Hausa sosai, bai san wanda zai ba bashi ya dawo ba. Tilas ya nemi 'yan ƙasa. Sai ya ba wani attajiri kuɗi da kaya tun kafin kaka, shi kuma ya rarraba wa yaransa, su bazu ƙauyuka su kama gyaɗa tun tana gona. Mafi shahara cikin irin waɗannan attajirai shi ne Alhaji Alhassan Ɗantata na Kano, wanda ya fara saya wa Kamfanin Neja gyaɗa cikin 1918, ya rasu cikin 1955 ba a san wanda ya fi shi dukiya a ƙasar nan ba. Ƙasa da su kuma akwai ƙananan dillalai masu tare manomi kafin ya kai ga sikeli, su karɓi kayansa su shigar, su ci ladan tsakani. Wurin zamansu barandar kanti, shi ya sa har yau a ke ce wa irinsu 'yan baranda.

Manomi bai cika samun damar jan ciniki ba, gama lokacin kaka shi ne lokacin haraji. An daina karɓar wuri, sai sule da sisi da taro da kwabo, ga dagaci yana jira, ga hakimi yana jiran dagaci, ga Baitulmali yana jiran hakimi. Wanda dogari ke tsaye ƙofar gidansa ba ya cewa albarka. Bai kuma iya karanta lambar sikeli ba, abin da akawu ya faɗa shi ke nan, akawuna kuwa akwai masu tsoron Allah, akwai waɗanda ba su da shi. Wani lokaci ma manyan kamfanoni su kan haɗa baki su tsai da farashi guda, don kada su yi wa juna gasa. Abin da ya kan ɓata musu wannan shiri shi ne baƙin 'yan kasuwa da ba su cikin yarjejeniyar, kamar Saul Raccah mutumin Tarabulus, wanda cikin shekarun 1930 ya riƙa sayen gyaɗa a Kano sama da farashinsu, har ya zama ɗaya daga cikin manyan masu fid da ita. A farkon shekarun nan na 1930 ne kuma kasuwar duniya ta faɗi, kuɗin gyaɗa ya zube, haraji kuwa bai zube tare da shi ba.

Wanda ya tsira da 'yan sulallansa sai ya zagayo ta ƙofar kanta. Me ke ciki? Ga akoko da alawayyo bandir-bandir, ga atamfa turmi-turmi, ga shadda da karan-miski na masu hali. Ga gishiri a buhu, da kananzir a garwa, da fitilar ƙwai, da ashana, da sabulu, da sukari, da ganyen shayi. Ga tasoshi da langa da fanteka, waɗanda suka shiga ɗakin amarya suka kori ƙwarya daga jere. Ga keken hawa da keken ɗinki, su ne ƙarshen burin mai albashi. Sai dai cinikin kanti ba irin na kasuwa ba ne. Ba a tayawa, ba a cewa albarka, ba a sallamawa, ba gyara. Baƙauye ya kan ga abin kamar rashin mutunci, a ce mutum ya sayi kaya ba a ko tambaye shi mutanen gida ba. Ban da haka ma kanti ba ya sayar da ashana tsinke-tsinke, ko sukari ƙwaya-ƙwaya, ko kananzir na anini. Saboda haka yawancin kayan kanti ba daga kanti su ke isa hannun masu amfani da su ba. Attajiri ya sara, ya ba 'yan koli da 'yan tebur, su kuma su bi kasuwannin ƙauye, yarinya ta ɗauki wani a kan faifai ta shiga da shi gidajen kulle, inda Bature ba zai taɓa shiga ba.

Masaƙa sun sha wuya da zuwan akoko, haka maƙera da masu gyaran ƙwarya. Marina dai sun sami wata hanya, suka riƙa sayen farin yadin kanti suna turawa cikin baba.

Nan ne maganar talla ta shigo. Talla ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, mai fura tana kira, mai magani yana tara mutane da kiɗa, dillali yana yabon doki. Amma duk waɗannan mutum ne gaban mutum, in kaya ya ɓaci an san wanda za a kama. Kamfani kuwa yana son mutumin Mashi ko na Jibiya ya amince da kayan da aka yi a wata ƙasa, ya kuma neme shi da sunansa, alhali mutumin nan ko ya iya ajami bai iya boko ba. Dabarar da suka yi ita ce ta mai takardan nan ta wata uku, watau tambari. Kowane kaya aka buga masa hoto, mutane kuma suka raɗa masa suna da hoton. Ba mai cewa a ba shi taba kaza da Turanci, sai mai basukur, ko mai zobe. Sabulu mai hoton makulli an san shi. Turaren nan Bint el Sudan, wanda wani kamfanin London ya fara yi cikin 1920, hoton yarinyar da ke jikin kwalba shi ne shaidarsa, an kuma yi shi ba da giya ba, don Musulmi su shafa su yi salla ba shakka. Mai saye ya kan juya bandir ya nemi hatimi kafin ya taɓa yadin. Ɗan koli ma ba ya yarda a sake masa tambari, ko da an rantse masa kayan ɗaya ne.

Kamfanoni suka ga abin yana ci, suka ƙara wuta. Cikin 1928 aka kafa wani kamfani musamman don talla, West African Publicity, wanda ya zauna ƙarƙashin UAC, daga baya aka san shi da suna Lintas. Aka riƙa kafa allunan ƙarfe masu fenti a bangon kantuna da tashoshin jirgi, ana raba kalanda. Akwai wani hoto na keken Raleigh da ya zaga Afirka, an zana mutum bisa keke yana murmushi, zaki na biye da shi ya kasa cim masa. Wannan ba ya bukatar karatu. Da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin Janairu 1939, da Malam Abubakar Imam a kan aikin edita, wanda a Kwalejin Katsina ya yi karatu, sai talla ta sami shiga cikin Hausa rubutacciya. Jarida guda kuwa mutum goma ke saurarenta a zaure. Motocin majigi na 'yan kasuwa suka bi garuruwa, a nuna wasa kyauta, a tsakiya a yabi sabulu ko maganin ciwon kai. Cikin 1962 aka buɗe gidan rediyon Kaduna, talla ta koma waƙa da kiɗa. Shaidar ƙarfinta tana nan cikin harshe: kowane garin sabulu omo ne, kowane ɗanɗanon miya magi ne, kowane man zafi mantaleta ne, ko wane ne ya yi shi.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu jiragen ruwa suka yi ƙaranci, gishiri da kananzir da yadi suka yi wuya. Gwamnati ta raba izinin shigo da kaya bisa ga yawan abin da kowane kamfani ya saba shigowa da shi, watau manya suka ƙara girma, ɗan ƙasa mai son farawa ya rasa ƙofa. Mutane suka ƙullaci kamfanoni ƙwarai. A Ankara ta ƙasar Gwalkwas, wadda yanzu a ke kira Ghana, an ƙaurace wa kayan kanti a farkon 1948, ƙarshen Fabrairu kuma tarzoma ta tashi aka wasashe kantunan Turawa. A nan Nijeriya, cikin 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, cikin 1954 aka mai da ita ta Jihar Arewa. Daga nan hukuma ke yanka farashin kaka, kamfanoni suka zama wakilanta masu lasin, attajiran ƙasa su ma suka fara samun lasin nan. Riba ta ragu, ga mulkin kai ya matso. Daga wajen ƙarshen shekarun 1950 sai manyan kamfanoni suka fara janye jiki daga sayen amfanin gona, suka juya ga motoci da injuna da masana'antu. Da sikeli ya tashi, ƙananan kantunan da ke jingine da shi ba su da sauran dalilin zama. Aka yi ta rufe su, ko a sayar wa attajiran da a da su ke sara a ciki. A Maraɗi ma haka ta faru, Gwamnatin Nijar ta kafa SONARA cikin 1962 ta karɓi cinikin gyaɗa daga hannun kamfanonin Faransa.

A maimakon ƙanana masu yawa, sai kamfanoni suka gina manya 'yan kaɗan, na sabon salo. Asalin salon daga Amurka ya ke, inda cikin 1916 wani kanti mai suna Piggly Wiggly a birnin Memphis ya fara barin mai saye ya shiga da kwando ya ɗebi abin da ya ke so da hannunsa, ya biya a bakin ƙofa. UAC ta buɗe Kingsway a Ikko cikin 1948, sunan kuwa na wani titi ne a London. Daga baya ta kai rassa Ibadan da Fatakwal da Jos da Kaduna da Kano. Leventis na mutanen Kubrus, da UTC na mutanen Suwizalan, da Chellarams na Indiyawa, su ma suka buɗe nasu. Ciki akwai ɗakin sanyi na nama da man shanu, da sashen tufafi, da na littattafai, da na kayan wasan yara, kowane abu da kuɗinsa a manne. Waɗannan ba don manomi aka yi su ba. An yi su ne don Turawa da manyan ma'aikata da hafsoshin soja, saboda haka inda albashi ya taru nan suka zauna. Ma'aikacin En'e na Katsina in ya je Kaduna taro, ko Kano ganin dangi, ya kan shiga ya sayo agogo ko takalmi ko gwangwanin biskit na tsaraba, ya ajiye jakar kantin ma a ɗaka don a gani.

Zamaninsu bai yi tsawo ba. Cikin 1972 Gwamnatin Janar Gowon ta yi dokar mai da kasuwanci hannun 'yan ƙasa. Ƙananan cinikin kiri aka hana wa baƙi sam, manyan kantuna kuwa aka ce sai 'yan Nijeriya sun mallaki kashi 40 cikin 100, aka ƙara yawan rabon cikin 1977. Kuɗin man fetur ya rufa musu asiri 'yan shekaru, gama a lokacin kowa na saye. Gyaɗa dai ta riga ta tafi, farin 1973 da cutar da ta faɗa mata cikin 1975 sun rushe dalar Kano. Da kuɗin mai ya faɗi, Gwamnatin Shagari ta ɗaure shigo da kaya cikin 1982, kantunan da rayuwarsu ke kan kayan waje suka wayi gari da kanta wayam. Cikin 1986 aka karya darajar Naira, aka kuma rushe hukumomin cinikin amfanin gona. Albashin ma'aikaci ya zama ba ya kai shi ko ƙofar Kingsway, kafin shekarun nan su ƙare kuwa aka shiga rufe rassansa.

Kayan da doka ta hana kanti shigowa da su ba su daina zuwa Katsina ba. Sun sake hanya ne kawai, suka biyo ta Kwatano zuwa Maraɗi, suka tsallako ta Jibiya, atamfa da taba da shinkafa. Alhazan Maraɗi da na Katsina, jikokin waɗanda suka yi shekaru suna yaƙi da juna, suka zama abokan ciniki, kaya kuma ya koma shigowa birni ta arewa kamar zamanin ayari. A Kano, unguwar da Kwarori suka jera kantunansu ta koma hannun Hausawa, ita ce Kantin Kwari, inda 'yan kasuwar Katsina da na Nijar da na Chadi ke zuwa sarin yadi.

An sake gwada babban kanti na baƙi bayan wannan. Shoprite na Afirka ta Kudu ya buɗe a Ikko cikin 2005, ya kai reshe Kano cikin 2014, mutane suka yi ta zuwa kallo har daga Katsina da Daura. Cikin 2021 masu shi suka sayar wa 'yan Nijeriya suka fita, reshen Kano kuma aka rufe shi cikin Janairu 2024.